Gwaggo Baiwa a Motar Batir

A zauren Malam Labbo, can Argungu, munka ƙulla magana ni da shi, ba wani shaida sai akuyar da ke kwance ƙarƙashin matacciyar motarsa a ƙofar gida. Na je ne in gaishe shi, in kuma ji inda maganata da ɗiyarsa Sakinatu ta kwana, don magabatana sun kai goro an karɓa, amma kullum amsar ita ce a ɗan dakata. Ya bar ni na gama durƙusona, ya gama tauna abin da ke bakinsa, sannan ya nuna motar da haɓa.

"Hammadu, an ce kana hwaɗi a tasha wai mota na iya tahiya ba mai."

Na ce na faɗa, kuma ban janye ba.

"To ga ta nan, ɗauke ta. Ranar da tad ɗauko yayata Baiwa daga ƙoharga tak kai ta Birnin Kebbi, ba mai, ba turi, ba ja, na ba ka Sakinatu, motar ma ka riƙe. In ta kasa, ka maido min abita da duk abin da ka liƙa mata, mu rabu lahiya."

Na miƙa hannu biyu ya kama. Na fito ina taku kamar wanda ya ci kasuwa. Ku da ke karanta wannan a wayoyinku, ku lura da abin da ni ban lura da shi ba ran nan: mutumin nan shinkafa yake saye yana sayarwa tun ban san hannun damata ba, kuma da na juya zan fita, murmushi yake yi.

Bari in koma baya kaɗan. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ba a yanke mana Kebbi ba, kuma mai ya yi wuyar da direba kan wuni a layi ya dawo da rabin galan. Ni cajin batir nake yi a bakin tashar Birnin Kebbi. Bokona bai wuce in rubuta sunan mai batir a jikin batirinsa da fenti ba, amma in ka ajiye min batir, daga warinsa na san ko zai tashi. Sana'ar tana da tambarinta, don ruwan batir ba ya barin tufa lafiya. Duk rigar da na mallaka huda-huda ce, har ta zuwa Juma'a.

Ta dalilin rigar ma munka haɗu da Sakinatu. Ta zo Birni wajen Asiya, ɗiyar gwaggonta da ke aure a nan, anka aiko ta da batirin talabijin a yi caji. Ta tsaya da gyale ruwan ƙwai, ta dubi rigata sama da ƙasa, ta tambaye ni cikin ladabi ko ina ba da aronta a tace gasara. Na ce ina bayarwa, amma ni nake kai ta gida da kaina. Batirin da ke cika a wuni guda sai ya zama kullum da saura kaɗan. Ta gane, ta kuma ci gaba da zuwa tambaya.

Da ta koma Argungu sai muka koma kaset. Ba waya a lokacin, ni kuma rubutun wasiƙa bai karɓe ni ba. Sai in shiga ɗaki in rufe ƙofa, in danna rikoda in yi ta zuba, in ba Kalilu, abokina direban da ke jigilar Argungu, ya kai. Ita kuma ta saurara, ta ɗora muryarta a kan tawa, ta maido. Kaset ɗaya munka yi ta wahalarwa har zarensa ya fara tauna magana.

A cikinsa na fara jin sunan Atiku. Ɗan kwangila ne, mai farar fijo da shadda mai maiƙo, da turaren da ke riga shi shiga zaure. Sakinatu ta ce ita ko kallo bai ishe ta ba, amma Gwaggo Baiwa sabuwar tabarma take shimfiɗa masa, ni kuwa in an ambace ni sai ta ce, "Wane? Mai rigar rariya?"

Gwaggo Baiwa ita ce yayar Malam Labbo, ita ce uwar Asiya, kuma ita ta ɗauki Sakinatu tun yaye, a ɗakinta ta girma. Gidanta na jingine da na ƙanenta, ƙofa kusa da ƙofa. Fataucin busasshen kifi take yi, kuma in ta yi magana a tsakar gida ana jin ta a bakin gulbi. Ina gaishe ta in na gan ta, daga nesa, da sauri. A ganina ɗiya ta ubanta ce, shi ya sa zauren uba na nufa da magabatana. Da wannan ganin na ɗauki mota.

Kiya-kiya ce, ƙaramar bas irin mai inji ƙarƙashin kujerar direba, shuɗiya a zamaninta. Injin ya daɗe da bugawa, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji sun mai da kujerar baya wurin ƙwai. Munka ba ta iska, Kalilu ya jawo ta da igiya har Birni, yana dariya tun daga Argungu. Da munka iso gidanmu a Makerar Gandu sai ga matsala ta fari. A waje ba za ta zauna ba, don batir abin sata ne, zaurenmu kuma ko amalanke ba ya shigarwa. Sai na fasa katanga.

Inna, mahaifiyata, ta fito da ludayi a hannu. Ta dubi ɓarakar, ta dubi motar, ta ce ita dai a saninta in yaro zai yi aure ɗaki yake ginawa, ba ta taɓa jin wanda ya fara da rushe gida ba. Kafin sati ya zagayo ta mai da rufin motar wurin shanyar kuɓewa.

Na sauke mataccen injin na ba 'yan gwangwan, na cire tanki da salansa, duk abin da ya shafi mai na raba ta da shi. Giya kawai na bari. Abin da na dogara da shi tun farko shi ne wani injin wuta da na daɗe ina ɓoyo ƙarƙashin gado. Daga wata 'yar motar ɗaga kaya mai aiki da batir na ciro shi, wadda wani kamfanin gina hanya ya tashi ya bari anka yi gwanjonta. Girmansa bai fi tulu ba, amma sai mutum biyu ke ɗaga shi. Wahalar ita ce a aurar da shi da giyar, don ba don juna anka yi su ba. Na samo farantin ƙarfe mai kauri, mai walda ya yanka ya huda, in kawo in gwada ya ƙi zama, in mayar a sake. Inna ta ce ko neman auren nawa ba a sha wannan kai-kawon ba.

Sai batura. Na manyan motoci nake so, goma sha biyu. Duk direban da ya yar da nasa ya ce ya mutu, sai in karɓa in fasa, in wanke, in sauya farantan da sunka cinye, in zuba sabon ruwa. Na haɗa da waɗanda nake ba da haya a shago, wato jarina kaf. Kafinta ya yi min akwatuna, na jera su ƙarƙashin kujeru, na ɗaure su da waya mai kaurin babban yatsa. In na jona caji, ƙwan ɗakin Inna sai ya koma ja kamar garwashi, ta fito waje tana mita.

Ranar gwaji na fari na hau, na yi bisimilla, na sa giya ta ɗaya, na taka. Motar ta tafi, ba musu. Baya ta tafi. Ashe injin wutar juyinsa ba irin na injin mai ba ne. Randar Inna ta tun aurenta ita ta tsayar da mu. Ruwa ya malale tsakar gida, kaji sunka watse, ni kuwa ina zaune ina dariya kamar taɓaɓɓe, don abin da na gani shi ne ta motsa. Na sauya wayoyi biyu ta koma gaba. Inna ba ta kula ni ba sai da na sayo wata randa, ta kuma ce sabuwar ruwanta ba ya sanyi.

Duk wannan ina zuba wa Sakinatu a kaset. Saurayin kirki daɗin baki yake wa budurwa, ni kuwa darasin batir nake ba ta: yadda nauyi ke shanye shi, yadda allurar da na kafa gaban sitiyari ke nuna saura, yadda in ya mutu ba ya tashi sai an ba shi wuta. Na ɗauka barci take yi a kai. Sai ga amsa: "Ka gwada ta da kaya, kar ka gwada ta wayam. Gwaggo ba ta tahiya hannu sake. Kuma don Allah ranar ka ari riga." Na bi shawara, na loda mata buhunan yashi, na yi ta hawa hanyar Argungu da ita har na san iyakar numfashinta. Za ta kai, in an lallaɓa.

Abu ɗaya ne ban shirya masa ba, wato shiru. Motar ba ta da ƙara ko kaɗan, sai wani ɗan zuu kamar na sauro da kukan taya a kwalta. Awaki ba su kaucewa, tsofaffi sai sun ga inuwa a kansu su yi salati. Unguwa ta sa mata suna motar aljanu, wani maƙwabcinmu ya daina bi ta ƙofarmu.

Ana nan Asiya ta haihu, Malam Labbo ya aiko cewa ranar suna ita ce ranar. Sakinatu na Birni tun haihuwar, tana taya mai jego aiki. Na cika batura dam, Kalilu ya sake jawo motar zuwa Argungu don kar in taɓa cajin, ya kuma ara min shaddarsa, wadda hannunta ya wuce yatsuna.

Da hantsi Gwaggo Baiwa ta fito cikin leshi ruwan goro, da sarƙa da awarwaro, ta zagaya motar kamar mai taya saniya a kasuwa. Ta riga ta faɗa gaban matan unguwa cewa ko jaki sai an ba shi dusa, motar da ba ta shan komai ba ta ganin Birni. Sannan ta ce a fito da 'yan kayanta. Buhun shinkafa biyu, buhun albasar Augie, kwandunan kifi, sabon turmi da taɓarensa, da itacen wankan jego kamar a Birni ba a sayar da itace. Bayan kaya sai 'yan rakiya, mata huɗu, kuma wanda ya zaɓo su da sikeli ya zaɓa. Babbarsu ita ce aminiyarta Balaraba, wadda da ta ɗora ƙafa motar ta rusuna ta gaishe ta.

Na dubi Malam Labbo na ce a maganarmu Baiwa anka ce. Ya ce ai Baiwar ke nan, duk Argungu an san haka take tafiya.

Munka tashi. Matan sunka yi ta salati da sunka ga motar ta zame ba tari ba hayaƙi, Balaraba ta ce a buɗe taga aljanun su sha iska. Kafin mu bar gari mamaki ya ƙare, hira ta kama. A nan sai wanda ya shiga kiya-kiyar da zai gane ni. A irin motar nan direba a kan inji yake zaune, ba abin da yake ji sai ruri. Matan da sunka saba fatauci sun san haka: in an shiga mota direba kurma ne, kuma in kana son na kusa da kai ya ji ka sai ka ɗaga murya. Gwaggo da Balaraba suna daidai ƙeyata, sunka buɗe murya kamar kullum.

Na ji yadda kifi ya yi tsada bana, na ji wadda ta ari zane tun sallah ba ta maido ba, na ji ciwon gwiwar wata da ban sani ba. Na kafa ido a hanya, ina lallaɓa totur kamar mai tsoron tada jariri. Fadama na hannun dama, shinkafa ta yi kore shar, allura na sauka sannu-sannu. Mun kusa Zauro sai Balaraba ta sauya zance.

"Baiwa, abin ga fa tahiya shikai. In ya kai, mi za ki yi?"

"Shi kai Makka in shina so. Labbo gyaran mota shika nema a banza, shi ya sa yay yi kyauta da abin da ba nashi ba. Haihuwa yay yi. Ni nag goya, ni nay yi jinyar ƙyanda, ni nas san abin da taka ci da wanda ba ta ci. Yaro ya wuce ƙohata awa kango, ya kai goro zauren ƙanena. Ƙanena, Balaraba, wanda nas share ma majina."

Balaraba ta tambaya ko Atiku za ta ba ke nan.

"Wane Atiku? Turarenshi ciwon kai shika sa ni. Na bar shi shina zuwa ne ko wancan mai rigar rariya shi hwarga. Yaron na da hannu, kuma ɗiyata na son shi, ba makauniya nike ba. Amma na hwaɗi gaban mata motag ga ba ta kaiwa. In ya shiga Birni da ni shina washe baki, ya tsallake ni kuma ya maishe ni maƙaryaciya, to shi auri motar."

Na dubi allura, da saura, za ta kai har da 'yar rara. Wata da watanni ina fasa batir, hannuna duk ya zama kanta, don wannan ranar. Na hango kaina ina shiga unguwar su Asiya, direbobin tasha da sunka yi min dariya suna tsaye, Sakinatu na kallo. Na kuma hango Malam Labbo ya ce ya ba ni, ya shiga gidan yayarsa, ya fito yana sosa ƙeya. Yanzu dai na san wa ke share wa wa majina a gidan nan.

Akwai wata siririyar waya ƙarƙashin kujerata, ita ke kai saƙo daga totur zuwa injin. Mun wuce Zauro kaɗan na sunkuya kamar mai sosa ƙafa, na zare ta. Motar ta yi ta gangarawa har ta tsaya gindin wata tsamiya. Balaraba ta rangaɗa guɗa.

Na sauka na zagayo ta ƙofarsu, na durƙusa a kan tsakuwa da shaddar Kalilu.

"Gwaggo, ta kasa. Yadda kinka hwaɗi haka anka yi. Maganata da Malam ta mutu nan. Ba ni da sauran ƙoha sai taki, wadda da ita ya kamata in hwara."

Ko dubana ba ta yi ba. Ta kwance bakin zane ta ɗauko goro, ta ɓare, ta ba Balaraba ɓari, ta tauna nata har tsakuwa ta gama shiga gwiwata. Sannan ta ce wa matan su sauka su miƙe ƙafa can inuwa, za ta yi wa motar addu'a ko Allah ya sa mu ƙarasa. Da sunka yi nisa ta sunkuyo, kuma ranar na fara sanin tana da ƙaramar murya.

"Tashi ka maida wayar da kac cire."

Na ɗago kai na dube ta.

"Kana tsammanin ban san motar ba ta da ƙara ba? Tun Argungu nika jin cikinka na kuka. Maƙoshina har ya bushe don kai. Da ka wuce Ambursa ba ka tsaya ba, da na san hannu kawai gare ka, ba ka da kai."

Ta gindaya min sharuɗɗanta. Ranar Juma'a magabatana su zo ƙofarta, har da Inna, da goron da ya fi na Labbo. Na ce to. In mun kai bakin unguwar su Asiya in sake zare wayar a turo mu mu shiga, don ta faɗa a Argungu motar ba ta kaiwa, ita kuwa ba ta ƙarya. Shi ma na ce to. Abin da ya gudana gindin tsamiyar nan kuma, ba Labbo, ba Kalilu, ba Sakinatu, in ya fita daga bakina ta janye. Na ce har Sakinatu? Ta ce musamman Sakinatu, don ba ta son ɗiyarta ta shiga aure da sanin ana juya miji da magana biyu, a bar ta ta gano da kanta. Gwaggo ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, shi ya sa kuke jin wannan daga bakina.

Ta tofa wa sitiyari, na maida waya, matan sunka dawo sunka ga mota ta tashi. Balaraba ta riƙe haɓa har Birni.

A bakin unguwa na yi yadda anka ce. Mutanen da ke zaune a majalisa sunka taso suna dariya, sunka sa kafaɗa. Haka munka shiga layin gidan suna, ana turi, ana ba da hanya, Gwaggo a zaune ta gyara gyale tana amsa gaisuwa ta taga. Farar fijon Atiku na fake gindin darbejiya, shi kuma yana jingine da ita. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni na ƙofar gida. Sakinatu ce cikin sabuwar atamfa mai ganye-ganye, ɗaurin ɗankwali ya zauna, lalle har wuyan hannu, ga ƙawayenta jere a bayanta. Ashe tun safe take gaya musu su jira su ga motar da ba ta shan mai. Ta dubi masu turi, ta dube ni cikin riga mai dogon hannu da ƙasa a gwiwa, ta juya ta shige ciki.

Washegari Malam Labbo ya aiko a kai masa abarsa. Ya leƙa ƙarƙashin kujeru ya ga ba abin da na rage, ya ce shi mutum ne mai cika magana, ya ga ni ma haka. Ranar Juma'a magabatana sunka je ƙofar Gwaggo, Inna na gaba da ƙwaryar goro. Anka shimfiɗa musu sabuwar tabarmar nan. Da anka aika wa Malam cewa Yaya ta bayar, sai ya ce abin da Yaya ta ce ai shi ne, dama shi bai taɓa ƙi na ba. Gwaggo ta ƙara da cewa ita ta gama nata, saura bakin yarinya, don ba ta yi wa ɗiyarta dole.

Yarinya kuwa ta rufe baki. Na je zance anka ce kanta na ciwo. Na koma anka ce tana kitso. Kalilu ya je ya dawo, ya je ya dawo, hannu sake, har ya fara jin kunyar haɗa ido da ni.

Ran nan da azahar ina shago, ba batir ko ɗaya na haya sai na mutane, ya shigo ya ajiye min kaset ɗinmu a kan benci. Na bar shago a buɗe na tafi gida. Na rufe ɗaki na danna. Shiru. Na ƙara murya, na buga rikodar, na sauya mata batir, ni da batir ne sana'ata. Zare na juyawa, ba komai sai huci. Gefen farko ya ƙare, na juya ɗayan, shi ma haka. Na zauna na saurari shirun nan kaf, don na san ba mantuwa ta yi ba. Sai dab da ƙarshe na ji ta gyara murya.

"Shirun ga, haka nij ji a raina a ƙohar gidan Asiya, Hammadu. Balaraba na ta yawo da labarin addu'ar Gwaggo ta tada mota. Kai kac ce min batir in ya mutu ba shi tashi sai an ba shi wuta. Wa yab ba shi wuta gindin tsamiya? Ka ba ni amsa a kaset ɗin ga, in ba ka da ita kar ka maido shi."

To, jama'a, ga yadda kasuwar ta watse. Malam Labbo ya ba da gawa ya karɓi mota mai rai, yana kwaso shinkafa daga fadama zuwa injin casa lokacin da masu sababbin motoci ke layin mai, kuma in caji ya ba shi matsala ni ake kira, tunda na kusa zama ɗa. Gwaggo ta samu goronta da girmanta, ta ƙara da sunan mai addu'ar da ke tada ƙarfe, har daga Gulma ana kawo mata yara ta tofa musu. Atiku ya yi asarar turare. Inna ta yi asarar randa da katanga. Ni na ba da jari, na ba da suna, don a tasha Hammadu A-tura anka koma kirana, na kuma samu yardar kowa a gidan nan ban da ta wadda na yi abin dominta. Kalilu na tsaye a zaure yana jiran kaset, fasinjansa na jiransa. Na danna jan maɓalli, zare ya fara juyawa, kuma ni da na saba cika gefe biyu da surutun batir, na rasa kalma ɗaya da zan faɗa wadda ba za ta kashe min aure ba, ko ta wajen Gwaggo ko ta wajen ɗiyarta.